Gaisuwar Mutuwa a Cikin Wasan Waya

'Yan shekarun baya, a wata kaka da masara ta yi kyau har muka rasa inda za mu zuba ta, na taɓa yin wata tambaya a wannan shafin nawa. Waɗanda suka daɗe suna bina za su iya tunawa. Cewa na yi, jama'a, akwai wani wasan waya da ake yi ta intanet, wanda mutum yake shiga ya zama mayaƙi ya yi ta yawo yana kashe dodanni, shin ya cancanci a gwada shi? Ban faɗi dalilin tambayar ba a lokacin, shi ya sa wasu suka ɗauka albarkar masara ce ta fara juya min kai. Jiya wani ya turo min saƙo yana yi min irin wannan tambayar, sai na ga gara in ba ku labarin daga farkonsa.

Ni mutumin Maska ne, noma na gada kuma shi nake yi har yau. Amma sakandare a Funtuwa na yi ta, ina zaune gidan kawuna. Maƙwabtansa Ibo ne, Kiristoci. Uban yana sayar da kayan gyaran babur, uwar kuma tana da rumfa a kasuwa, tana sayar da manja da garin kwaki da busasshen kifi. Ɗansu na fari sa'ana ne, kuma shi ne abokin da zan ba ku labari. A Funtuwa aka haife shi, in ka ji Hausarsa ta bayan katanga ba za ka taɓa cewa ba ɗan gari ba ne. Sarkin Noma yake kirana don tsokana, saboda duk hutu nakan dawo makaranta da kanta a tafin hannu. Mahaifiyarsa kuwa Mama nake ce mata, yadda na ji yana faɗa. Matar nan ta san abin da nake ci da wanda ba na ci, kuma ba ta taɓa barin na tambaya ba. Da azumi, kafin a kira magariba ta riga ta aiko min da soyayyiyar doya a rufe, tana cewa ɗan makaranta ba ya karatu da kunu kaɗai.

Bayan mahaifinsa ya rasu, danginsu suka matsa musu lamba su koma gida. Suka tattara suka koma kudu, abokina ya buɗe shago a can. Muka ci gaba da gaisawa ta waya, yana tambayata damina, ina tambayarsa kasuwa, yana ƙorafin cewa a garinsu ɗan Hausa suke ce masa.

Ranar da labarin ya zo ina gona muna karyar masara. Ƙanwarsa ce ta kira ni, tana kuka, ta ce Mama ta rasu a asibiti bayan 'yar gajeriyar jinya. Na zauna a kan kunya na daɗe ban tashi ba. Da na samu natsuwa na kira shi. Na ce ya haƙuri, ya ce da godiya. Na ce Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya ce amin. Daga nan sai shiru, ni ina jin numfashinsa, shi yana jin nawa, kuma kun san waya ba ta ƙaunar shiru. Ya ce, "To, sai anjima," ya kashe. Daga ranar bai sake ɗaga wayata ba, saƙo ma in na tura sai in ga ya buɗe bai amsa ba.

Zuwa kuma bai yiwu min ba. Matata tana cikin watan haihuwa, mahaifina ƙafa ta hana shi zuwa gona, masara tana zube a fili, ga tafiyar ba ta yini ɗaya ba ce. Abin ya tsaya min a rai matuƙa. A wajenmu in aka yi wa mutum rashi ba magana ake kai masa ba, jiki ake kai masa. Ka je, ka cire takalmi, ka gaisa, ka samu gefen tabarma ka zauna, ko ba ka ƙara cewa uffan ba ya san ka zo. Matar da ta ciyar da ni shekara da shekaru ta rasu, ni kuma duk abin da na iya yi wa ɗanta bai wuce gaisuwar waya ta tsaitsaye ba.

Bayan kamar mako guda ƙanwar ta sake kirana. Ta ce min su a can ba a binne mutum ranar da ya rasu, sai an yi makonni ana taron dangi ana shirye-shirye, kuma shi ne ɗan fari, kowa shi yake nema da tambaya, wane akwati, wane coci, wa za a gayyata. "Yaya, ba ya yi wa kowa magana," in ji ta. "In ya dawo daga taro sai ya rufe ɗaki ya ɗauki waya, wasan nan nasa kawai yake yi. Abinci ma sai na yi da gaske yake taɓawa. Ko kuka bai yi ba tun ranar. Wallahi tsoro nake ji."

Ba zan ɓoye muku ba, da farko haushi na ji. Na shiga gida ina ta faɗa ni kaɗai, ina cewa mutum uwarsa ta rasu ya ƙi ɗaga wayar mutane, amma yana da lokacin wasan yara. Matata tana zaune tana tsince shinkafa, ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "To kai da kake son yi masa gaisuwa, ina ruwanka da inda yake zaune? Da a gona aka ce yake yini, ai gonar za ka bi shi." Na ɗauki buta na fita kamar dama alwala ce ta shigo da ni.

Wannan shi ne asalin tambayar da na yi muku. Kuma kun ba ni amsa, Allah ya saka. Wani ya ce wasan ya yi, labarinsa yana da daɗi, ga ƙasashe kala-kala, in ka shiga ba ka son fita. Na ƙasansa ya ce wannan rashin son fitar ai shi ne cutar. Wata baiwar Allah ta ce ta goge shi daga wayar mijinta har sau biyu, in ina son zaman lafiya da iyalina in yi nesa da shi. Wani ya ce masu sayen takubba da sulke da kuɗin gaske su ne sarakunan wasan, talaka sai dai ya yi ta shan duka. Akwai wanda ya rubuto min dogon bayani a kan irin mayaƙin da ya kamata in zaɓa, ban gane ko rabinsa ba, amma na yi masa godiya. Wani dattijo kuma ya ce, Malam, da girmanka?

A majalisarmu ma ra'ayi ya rabu. Mai cajin waya na bakin kasuwa ya ce shi dai yana son wasan, domin duk mai yin sa sau biyu yake kawo caji a rana. Akwai wani abokinmu ɗan acaɓa da ya taɓa gwadawa, shi kuwa ko sunan wasan ba ya son ji. "Yini guda na yi ina tara kaya," in ji shi, "wani ƙato ya zo ya sare ni sara ɗaya, na farka a inda na fara ba ko wando. Ka ce min wannan wasa ne? Ai gara in ɗauko fasinja zuwa Dandume ya ce min ba canji." Mutum ɗaya ne ya san wasan da gaske, wani malamin firamare da muke kira Malam kawai, ya fi shekara yana yi. Shi ya ce min wasan yana da daɗi ga mai haƙuri, amma farkonsa wahala ce zalla, kuma in ba ni da abin da nake nema a ciki kada in ɓata datata.

Sai na gaya musu abin da nake nema. Dukansu sun san abokin nawa, ya sha zuwa Maska cin ɗanyar masara. Malam ya karɓi wayata ya sauke min wasan. Ƙanwar ta leƙo mana sunan da yake amfani da shi a ciki, Malam ya bincika ya ce ya gan shi. Ya ce abokin naka babba ne a nan, ya kai mataki mai nisa, kuma kullum in ya gama yaƙi yakan koma wani gari da ke bakin tafki ya tsaya. Matsalar ita ce garin yana da nisa daga inda sababbi suke farawa, kuma hanyar cike take da namun daji.

Ɗan acaɓan nan da ya gama zagin wasan yanzun nan, sai na ga ya zaro wayarsa yana goge hotuna. Na ce me kake yi? Ya ce, "Wuri nake nema in sauke shi. Ka taɓa ganin an je ta'aziyya mutum ɗaya kamar maye?"

A wasan, kowa sai ya ƙera mutumin da zai zama. Malam wani dogon maharbi ne mai alkyabba. Ɗan acaɓa ya zaɓi wani ƙato mai takobi, wai don ya rama abin da aka yi masa. Ni kuma saboda gaggawa da kaurin yatsa na danna abin da ban sani ba, sai ga ni na fito wani gajeren tsoho mai gemu har ciki, riƙe da gatari kamar mai saran itace. Na ce a canza, Malam ya ce sai dai a sake komai daga farko. Na ce a bar shi, dattijo ma ya fi dacewa da zuwa gaisuwa.

Sabis a wajenmu ba ko'ina yake ba. Akwai wani tudu a bayan gonarmu, gindin wata ɗorawa, nan ne yake kamawa sosai. To can muke haɗuwa bayan la'asar, in na sallami masu ɓare masara, Malam ya taso daga makaranta, ɗan acaɓa ya jingine babur. Mu shimfiɗa buhuna mu zauna mu kama hanya. Kai, na sha wuya a tafiyar nan. Kyarkeci ya kashe ni, aladen daji ya kashe ni, na faɗa rami na mutu, na faɗa ruwa na mutu. Har wani abu mai kama da zakara ya taɓa bina da gudu ya kashe ni a gaban mutane. Duk mutuwa kuma sai a mayar da kai baya, su Malam su tsaya jirana. Ɗan acaɓa yana ta cewa, "Danna na dama, na dama na ce, wai kai hannun nan fartanya kawai ya sani?" Mun kwashe kwanaki a haka kafin mu ga garin.

Gari ne mai kyau, ba laifi, da fitilu da kwale-kwale, mutane daga ƙasashe daban-daban suna ta kai da komo da sunayensu a saman kawunansu. A can ƙarshen wata gada ta katako da ta shiga cikin tafkin, sai ga shi. Wani mayaƙi cikin baƙin sulke, shi kaɗai, ya juya wa gari baya yana fuskantar ruwa. Na san zane ne kawai a cikin waya, amma wallahi da na ga sunan a saman kansa sai na ji kamar shi ne tsaye a gabana.

Malam ya nuna min inda ake rubutu. Na rubuta, "Salamu alaikum. Sarkin Noma ne, tare da Malam da mai babur. Mun zo gaisuwa. Ya haƙuri?" Su ma kowa ya rubuta tasa gaisuwar. Muka jira. Mayaƙin ya juyo ya fuskance mu, ya daɗe a haka, bai rubuta komai ba. Can sai ya ɓace ɓat, ya fita daga wasan.

Ɗan acaɓa ya ce, "Shi ke nan, mun kore shi daga nan ɗin ma." Ni ma abin da nake tsoro ke nan, kada wurin da ya samu yake ɓuya mu zo mu hana shi. Na tambayi Malam ko a wasan nan mutum yana iya zama. Ya ce akwai maɓallin zama, amma ba wanda ya damu da shi, don ba ya ƙara wa mutum komai. Na ce nuna min. Na danna, gajeren tsohona ya naɗe ƙafa ya zauna a kan gadar, ya ajiye gatarinsa. Su ma suka zauna. Muka yi zamanmu har aka kira magariba, sannan muka tashi.

Washegari muka koma. Ba ya nan, muka zauna. Ku kwatanta abin a ranku, magidanta uku a gindin ɗorawa, kowa ya zuba wa waya ido, ba mai dannawa, ba mai dariya. A haka mahaifina ya same mu, ya lallaɓo da sandarsa zai duba masara. Ya tsaya a kanmu ya ce, "Ku kuma lafiya kuka yi jugum kamar gidan makoki?" Na ce, "Baba, ai makokin ne." Na yi masa bayani iya yadda zan iya, ina jiran faɗa, don shi waya in ba kira ba duk shiririta ce a wurinsa. Ya leƙa wayar ya ce wanne ne ni a ciki. Na nuna masa mai gemun. Ya ce, "Ka ga kuwa ya fi ka kamala." Sannan ya ce matar nan ai ta riƙe masa ɗa ba ta taɓa gajiya ba. Ya ce mu matsa masa, ya zauna a bakin buhu ya zaro carbinsa, ya ce in rubuta wa yaron cewa shi ma ya zo.

A cikin wasan ma zaman namu ya fara jan hankali. Mutane suna wucewa da gudu, sai su ja birki su tsaya a kanmu. Wani ya tambaya da Turanci ko wani aiki ne na ɓoye da ake samun lada in an zauna a nan. Malam ya amsa masa cewa a'a, mahaifiyar abokinmu ce ta rasu, mu kuma a garinmu haka muke yi, mukan je mu zauna tare da mutum. Wasu suka yi gaba abinsu, wani ma ya yi ta tsalle a kanmu yana rawa har ya gaji. Amma wata mai ƙahoni, wadda Malam ya ce 'yar ƙungiyar abokin nawa ce, ta rubuta cewa kullum tare suke yaƙi da shi kuma bai taɓa gaya musu ba. Ta zauna kusa da tsohona. Kafin magariba mun kai mu bakwai ko takwas a kan gadar, ban san ƙasar kowa ba, ban san addinin kowa ba. Ana cikin haka ya shigo. Ya tsaya daga nesa, ya kalle mu, ya sake fita.

A rana ta uku na je tudun ne ba tare da wani dogon fata ba. Na riga na gaya wa kaina cewa in bai kula mu ba yau, na sauke abin da ya wajaba a kaina, sauran sai addu'a. Muna shiga muka tarar ya riga mu zuwa. Muka gaisa a rubuce kamar kullum, muka zauna. Ya tako a hankali har gaban gajeren tsohon nan, ya tsaya. Sai na ga baƙin sulken ya naɗe ƙafa ya zauna.

Mun daɗe a haka. Sai wata alama ta fito a wayata, Malam ya ce yana gayyatarka magana da murya ne, danna koren. Na danna. Na ji shi yana gyaran murya, irin ta wanda ya daɗe bai yi amfani da ita ba.

"Sarkin Noma," ya ce, "duk mayaƙan da ke wasan nan ka rasa wanda za ka zaɓa sai wannan guntun?"

Na ce, "Yatsa ne ya zame."

Ya fara dariya, ƙasa-ƙasa, sai dariyar ta karye a tsakiya ta koma kuka. Kuka sosai, irin na yaro. Ɗan acaɓa ya juya baya yana gyara madubin babur da ba abin da ya same shi. Mahaifina, da ya sake zuwa ranar, ya matso bakinsa kusa da wayar ya ce, "Yi abinka, ɗana, ba mai gaggawa a nan." Ba wanda ya ce masa ya yi shiru.

Da ya lafa sai ya fara magana, kuma abin da ya faɗa ban taɓa zato ba. Ya ce a kwanakinta na ƙarshe a asibiti, da jikin ya yi tsanani, Mama ta daina yarensu gaba ɗaya, Hausa kawai take yi. Tana ta ciniki da mutanen da ba sa wurin, tana kiran maƙwabtanta na kasuwar Funtuwa ɗaya bayan ɗaya, tana ce wa mai daddawa ta duba mata rumfa za ta je ta dawo. 'Yan'uwanta suna tsaye a bakin gado ba su san me take cewa ba, suna tambayarsa, shi kuma ya kasa fassara musu. Ya ce, "Ta yaya zan ce musu tana gida amma gida take nema? Tun ranar abin yake nan a ƙirjina, ba wanda zan gaya wa ya gane. In na ɗaga wayarka kuma na san Hausa za ka yi min, ni kuma ba zan iya jin ta ba."

Na ce masa to ga shi yanzu ya ji, kuma bai mutu ba. Ya ce haka ne. Sai ya ce akwai abin da yake so in yi masa. Matan nan da ta yi ta kira, ba wanda ya gaya musu ta rasu, shi ba shi da lambar kowa a cikinsu, sunayensu ma na kasuwa kawai ya sani. Na ce ya bar min wannan.

Da safe ɗan acaɓa ya ɗauke ni zuwa Funtuwa. Layin su Mama a kasuwa yana nan yadda na san shi, sai dai rumfar Mama wani mai robobi ne a ciki. Mai daddawar ta tsufa ƙwarai, amma tana ganina ta gane ni, ta ce ba kai ne ɗan makarantar nan mai cin doya ba? Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta yi salati, ta ja mayafinta ta rufe fuska. Kafin wani lokaci magana ta zaga layin. Mai kuka da kuɓewa ta zo, mai gishiri ta zo, wata da ta daina fitowa kasuwa aka aika gida aka taho da ita. Suka rufe kayansu da buhu da rana tsaka, ranar ciniki, aka roƙi mai robobi ya janye kayansa gefe, aka shimfiɗa tabarma a gaban tsohuwar rumfar suka zauna.

Na kira shi, kira na sosai ba na wasa ba, ya ɗaga a bugun farko. Na miƙa wa mai daddawa wayar, ina zaton za ta yi masa ya haƙuri. Ina, faɗa ta rufe shi da shi. "Kai yanzu abin da ka yi ya dace? Uwarka ta kwanta ciwo har ta rasu ba ka aiko mana ba? Shekara nawa muna zaune da ita a layin nan? Ranar da aka haife ka wa ya tsare mata rumfa? Ko don kun koma can sai aka ce muku ba ta da kowa a nan?" Ina jin muryarsa ta cikin wayar yana cewa, "Ki yi haƙuri, Inna. Ku yi haƙuri, na yi kuskure." Mu da muka sha wuyar hanya don mu ba shi haƙuri, ga shi nan shi ne yake ba da shi. Wayar ta zaga hannu zuwa hannu har cajin ya ƙare. Da yamma ƙanwarsa ta turo min saƙo cewa ya fito ya ci abinci a tsakar gida, har ya nemi ƙari.

To, mai tambaya, ka ji yadda aka yi na san wasan nan. In ra'ayina kake so, duk waɗanda suka ba ni amsa a wancan lokacin gaskiya suka faɗa. Yana shan data, yana cinye caji, masu kuɗi sun fi ƙarfi a ciki, kuma in ba ka yi hankali ba zai raba ka da aikinka. Ni ban daɗe ba na goge shi, don masara ba ta jiran mai kashe dodanni. Malam yana nan yana yi, abokina ma yana taɓawa jefi-jefi. Abin da kawai na daina shi ne saurin yanke wa mutum hukunci in na gan shi ya dunƙule a kan waya, don ban san abin da ya koro shi can ba. Ka gwada in kana so, amma ka riƙa duba su waye a ciki, wataƙila akwai wanda ya daɗe a tsaye shi kaɗai.

Abokina bai sake zuwa Funtuwa ba har yanzu, kullum sai ya ce baɗi. Ni kuwa duk lokacin da na shiga kasuwa sayen taki ko buhuna sai na bi ta layin nan, ko ba ni da abin saya. Mai daddawa idonta ya yi rauni, sai na yi magana take gane ni. In ta gane ni sai ta kama hannuna ta ce, "Ya ɗanmu na kudu? Yana cin abinci kuwa?" Ko sau ɗaya ba ta taɓa ce min ya abokinka ba.